NAZARIN KIƊA DABAN, KIƊA DABAN: RADDI GA MASU SON RABA ƊALIBI DA KARATUNSA

 Ina roƙon 'yan uwa masu karatu da su daure su kai ƙarshen wannan rubutu kafin su yanke mini hukunci, domin na san tun daga ganin kan maganar wasu sun riga sun ɗaure fuska.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya faru a kan idona a nan Gumel. Akwai wani ɗan uwa, mutumin wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, wanda muka yi sakandare tare, muka kuma durƙusa gaban malami ɗaya a Islamiyya. Allah ya buɗa masa ya samu jami'a, ni ban samu ba, yanzu haka yana shekarar ƙarshe a sashen Hausa. Da aka zo kan kundin kammala digiri sai ya zaɓi ya rubuta tarihin makaɗan fada na ƙasar Gumel. Ya dawo hutu yana bin tsofaffin makaɗa da maroƙa gida-gida da 'yar rikodarsa yana ɗaukar bayani. Kwatsam sai wani bawan Allah, irin masu fatawar bakin titi, ya wanke ƙafa ya je ya sami mahaifinsa ya ce, "Alhaji, ashe awakin da kake kaiwa kasuwar Maigatari duk Alhamis kana sayarwa don yaron nan, kiɗa ake koya masa da kuɗin?" Tsohon nan mai tsoron Allah ne. Nan take ya ce ba zai ƙara ba da ko kwabo ba. Saura wata biyar yaro ya gama. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Tun kafin a yi mini mummunar fahimta, bari in faɗi matsayina ƙarara. Ni ba na sauraren kiɗa, ba na zuwa wurin da ake yin sa, kuma ban zo nan don in wanke goge ko kalangu ba. Ni ba malami ba ne balle in ba da fatawa. Hukuncin kiɗa yana wurin ma'abota ilimi, kowa ya bi malamin da ya amince da shi. Tambayata ɗaya ce tak: shin wanda ya zauna ya binciki asalin kiɗa, da waɗanda suka yi shi, da dalilin da ya sa suka yi shi, da abin da ya haifar a cikin al'umma, hukuncinsa ɗaya ne da wanda ya rataya ganga ya shiga fage? In har ɗaya ne, to likitan da ke nazarin cutar kwalara shi ma mai yaɗa kwalara ne ke nan, alƙalin da ya san dabarun ɓarayi shi ma ɓarawo ne.

Ya kai ɗan uwa mai karatu, mu koma ga magabata. Sahabin nan Huzaifa ɗan Yamani (RA) an san shi da cewa yayin da mutane ke tambayar Manzon Allah (S) game da alheri, shi game da sharri yake tambaya, don gudun kada ya faɗa cikinsa. Ko da mun ɗauka kiɗa sharri ne tsantsa, ga hanyar da sahabi ya nuna mana. Sannan malaman da suka yi magana a kan kiɗa, masu tsanantawa da masu sassautawa, wane ne a cikinsu ya yi magana da ka? Ibnu Abid Dunya ya yi littafi sukutum kan zargin kayan wasa da kiɗa. Ibnul Ƙayyim ya ragargaji kiɗa a cikin Igasatul Lahfan. Imamul Gazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u kan ladubban saurare, ya rarrabe wanda ya halatta da wanda ya haramta. Ibnu Haldun ya yi fasali a Muƙaddima kan sana'ar waƙa da yadda take tashi da faɗuwa tare da daula. Duk waɗannan sai da suka san abin ciki da bai, suka san sunayen kayan, da wuraren da ake amfani da su, sannan suka ɗora alƙalami. Wannan ba shi ne nazarin ba?

Mu dawo gida. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba tare da wata manufa ta shari'a ba a cikin miyagun ɗabi'un sarakunan da ya yaƙa, amma kuma ya ware bugun ganga don wata maslaha kamar tara runduna. Wato Shehu ya kalli kiɗan ƙasar Hausa na zamaninsa, ya tantance shi, ya ce wannan kaza ne, wancan kaza ne. To abin kunya, wa ya bi ɗakunan ajiyar littattafai ya tattara abin da malaman jihadi suka rubuta a kan kiɗa ya fitar da shi a littafi guda? Wani Bajamushe ne mai suna Veit Erlmann, a 1986. Mu kuwa jikokin masu littattafan muna nan muna korar ɗanmu daga makaranta don ya taɓa fagen.

Kuma duk wanda ya shiga tarihin waƙa a ƙasar nan ba makawa sai ya ci karo da abin da mai fatawar nan bai faɗa wa Alhaji ba, wato cewa waƙa makami ce da aka yi jihadi da ita. Shehu da ƙaninsa Abdullahi sun yi wa talakawa wa'azi da waƙoƙin Fulatanci da Hausa, saboda manomi da makiyayi ba su jin Larabci, amma suna haddace baiti. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis ɗinta na 'Yan Taru, su zo su haddace su koma ƙauyukansu su rera wa 'yan uwansu. A zamanin Turawa, Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da waƙa suka farkar da talaka. Maƙwabcinmu Mu'azu Haɗeja da waƙa ya yaƙi giya da karuwanci. Na san za a ce ai waɗannan rubutattun waƙoƙi ne, babu ganga a cikinsu. Gaskiya ne. Amma ta ina ɗalibi zai san bambancin in an hana shi shiga ajin da ake bambancewar? A aji guda ake karanta Nana Asma'u da Narambaɗa, a nan ne ake gane abin da ya raba mai kira zuwa ga Allah da mai kira zuwa ga aljihun sarki.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na ɗan ƙasar Lautai. Gumel masarauta ce ta Mangawa da aka kafa wajen 1750, kuma a ƙarƙashin Barno ta zauna, ba ta shiga daular Sakkwato ba. Saboda haka ba a littattafan Sakkwato za ka je neman cikakken labarinmu ba. Baturen nan Barth ya biyo ta Gumel a 1851 ya rubuta abin da ya gani na kasuwarta da cinikin kanwa, amma baƙo ne mai wucewa. To ina sauran labarin yake? Zaman Tumbi kafin a dawo Gumel, da sarautar Ɗan Tanoma, da gwagwarmaya da Haɗeja zamanin Buhari, da karon da aka sha yi da Damagaram, wani kaso mai yawa na wannan yana cikin kirari da take, yana bakin mai tambari da mai algaita da sanƙira, waɗanda suka gada daga iyaye da kakanni. Kowane sarki da takensa, kowace sarauta da kirarinta, a ciki ake jin wa ya haifi wa, wa ya ci wane gari. Waɗannan tsofaffi kullum raguwa suke, 'ya'yansu kuwa sun kama acaba da cinikin kan iyaka, ba mai sha'awar gadon. Duk wanda aka kai makwanci a cikinsu, da wani yanki na tarihinmu aka rufe shi. Yaron da ya ce bari in rubuta kafin su ƙare, shi ne za a saka wa da yanke kuɗin makaranta?

In mun ƙi, wasu ba za su ƙi ba. Tun 1971 Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a Amurka. Mervyn Hiskett ya fitar da tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975. A wannan shekarar dai Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata, amma a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. Alhamdu lillahi daga baya an sami irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, aka soma karanta namu da idonmu. Kullum muna kukan cewa Turawa sun rubuta tarihinmu yadda suka ga dama, sun karkatar da shi. To wanda ya ƙi noma gonarsa, da wane baki zai yi ƙorafi in wani ya shuka masa abin da ba ya so?

Sannan mu daina yaudarar kanmu. Hana ɗalibi ɗaya rubuta kundi bai rage kiɗa ko da ƙwayar zarra a Gumel ba. Shiga tashar mota, shiga kasuwar Maigatari, leƙa wayar ƙaninka ko ƙanwarka. Waƙoƙin finafinai da na TikTok sun shiga har ɗakunan da mai kalangu bai taɓa isa ya taka ba. Lokacin zaɓe kuwa, baiti ɗaya na mawaƙin siyasa yakan juya ƙauye guda fiye da wa'azin wata uku. Me ya ba waƙa wannan ƙarfi? Wa ke biyan kuɗinta? Yaya aka taso daga makaɗin fada mai ubangida ɗaya zuwa mawaƙin da ke bin duk wanda ya fi tsoka? Mai wa'azin da bai san amsar waɗannan ba, ihu kawai yake yi bayan hari. Muna bukatar 'yan uwa masu tarbiyya da suka san wannan fage, su zama su ne malamai a Kwalejin Ilimi ta Gumel, su ne a gidajen rediyo, su ne a hukumomin tace waƙoƙi da finafinai. In mun janye namu, wa muke so ya zauna a kujerun?

To amma kada 'yan boko su yi murna su ce na goya musu baya ɗari bisa ɗari. Ku ma da naku. Sau nawa ake fakewa da sunan bincike ko ranar al'adu a tara samari da 'yan mata a kwana ana cashewa? Wannan ba nazari ba ne, shagali ne aka sa masa rigar ilimi. Sau nawa kundi ke zama bambaɗanci, ɗalibi ya cika shafi ɗari da yabon makaɗi da ubangidansa, bai taɓa tambayar ina aka samo doki da riga da kujerar Makka da aka yi kyauta da su ba, alhali talaka ne ya biya da guminsa? Sau nawa ake kawo ra'in wani Bature a auna waƙarmu da shi, a tsallake abin da Gazali da Shehu suka faɗa kamar ba su taɓa magana ba? Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ba na jayayya da fasaharsa, amma girmama mutum abu ne daban, auna maganarsa a kan ma'aunin gaskiya abu ne daban, kuma na biyun shi ne aikin jami'a. Irin wannan sakaci naku shi ke ba masu fatawar bakin titi abin faɗa.

Saboda haka nasihata ga ɗan uwana da duk mai irin karatunsa ita ce: ka gyara niyya. Ka je wurin tsofaffin nan da ladabi, ka ɗauki bayaninsu da amana, kada ka ƙara kada ka rage. Inda suka adana tarihi ka yaba, inda suka yi ƙarya don neman abin duniya ko suka ci mutuncin wani da zambo ka faɗa. Ka guji wuraren da aka haɗa kiɗa da baɗala, kada sallarka ta wuce saboda hira da makaɗi. Ka kuma nemi malamin fiƙihu ka karanta babin a gabansa, don kundinka ya tsaya da ƙafa biyu.

Ga Baba Alhaji kuwa, da duk iyaye irinsa, ina durƙusawa in ce: Baba, tsoron Allah da ya sa ka ɗauki wannan mataki abin yabo ne, Allah ya ƙara maka. Amma a yi bincike. Ka kira yaron nan ya kawo takardunsa, ka kira malamin da ka yarda da iliminsa, ba mai kawo rahoto ba, a karanta a gabanka. In ka ga ganga a hannunsa, ka hukunta shi. In kuwa alƙalami ka gani, to kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, domin saurayin da aka cire daga jami'a saura wata biyar, aka bar shi a bakin tasha ba aiki ba sana'a, shi ne ya fi kusa da kiɗan da ake tsoro.

Su kuma masu saurin cewa haram a kan abin da ba su bincika ba, su ji tsoron Allah (T). Haramta abu ba tare da sani ba ba ƙaramin laifi ba ne, haka nan shiga tsakanin ɗa da mahaifi. Rashin sani ya fi dare duhu. Duk mai hujjar da ta rushe abin da na faɗa, ga fili ga mai doki, ya rubuto, wallahi in na ga gaskiya zan karɓa.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah ya yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.