Ra'ayinmu: A Binciki Na'ura Kafin Ta Yanke Hukunci

Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan fitowa muna so mu ja hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata ga wani abin takaici da ya auku a ƙasar Holan, domin akwai darasi a cikinsa.

Gwamnatin Holan tana ba iyaye tallafin kuɗin renon yara. Don gano masu zamba, hukumar harajin ƙasar ta ɗora wa kwamfuta aikin tace takardun masu nema, ta irin fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ke koyo daga bayanan da aka ɗura mata. Cikin abubuwan da aka sa ta lura da su har da ko mutum ɗan ƙasa ne ko baƙo. Sai ya zamana baƙi da marasa ƙarfi su ne zargi ya fi faɗa wa. An tuhumi iyalai wajen 26,000 bisa kuskure, aka tilasta musu su mayar da kuɗi masu yawa, bashi ya yi wa wasu katutu, gidaje suka watse. Da asiri ya tonu, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairun 2021, kuma a Disambar wannan shekara hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci hukumar haraji tarar Yuro miliyan 2.75.

Na'urar ba ta ƙi jinin kowa ba. Abin da aka ba ta shi ta auna. Laifin yana wuyan waɗanda ba su tsaya sun tambayi kansu wa wannan tsari zai cutar ba.

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin abin da masana ke kira tantance haɗarin da ke tattare da sarrafa bayanan mutane. Kafin a kunna na'ura, a zauna a rubuta: waɗanne bayanai za a tattara, kuma shin aikin na bukatarsu duka? Wane rukuni na jama'a ne zai fi shan wahala idan aka yi kuskure? Wa zai saurari kukan wanda aka zalunta? Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta wajabta wannan bincike a duk inda haɗarin yake da girma. Haka nan sashe na 28 na Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023.

To, mu nan gida fa? Kowannenmu ya cika takardar neman makaranta ko aiki ko tallafin karatu, ya rubuta jiharsa ta asali da ƙaramar hukumarsa. Ko da an goge gurbin ƙabila da addini, sunan mutum da garinsu sun isa su fallasa shi ga na'ura. Saboda haka bai wadatar a ce an cire gurbi ɗaya ba. Dole a gwada sakamakon, a ga ko mata ko 'yan karkara ko mutanen wani yanki suna faɗuwa fiye da kima. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci, bai kuwa keɓe wanda kwamfuta ta yi ba.

Abin da muke tsoro shi ne a mayar da wannan bincike takardar da ake sa wa hannu a jefa cikin fayil. Gobe wasunmu ne za su zauna a teburan da za a kawo irin waɗannan takardu. Muna kira gare ku: ku karanta kafin ku sa hannu, ku nemi a nuna muku gwajin da aka yi, ku dage a bar wa kowa ƙofar ɗaukaka ƙara gaban ɗan Adam. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu riƙe amanar jama'a, amin.