Tsohon bashin kotu: kada ka gudu, kada kuma ka firgita

1/ Jama'a, mu yi maganar masu karɓar bashi da ke kiran mutum a waya suna cewa "akwai hukuncin kotu a kanka tun shekaru kaza". Mutanenmu abu biyu suke yi: ko su toshe lamba su ɓuya, ko su tura kuɗi jiki na rawa. A ganina duka biyun asara ne.

2/ Toshe lamba ba ya goge hukunci. Yana nan a fayil ɗin kotu. In alƙali ya sa kuɗin ruwa a ciki, kana barci yana hauhawa. Wata rana sai ka wayi gari kotu ta umarci banki ya riƙe asusunka.

3/ Amma fa mai karɓar bashi ba alƙali ba ne. Ba shi da ikon ɗaukar babur ɗinka ko firjin gidanku. Wannan aikin ma'aikacin kotu ne, shi ma sai da takardar umarni a hannu.

4/ To kafin ka biya ko sisi, tambaye shi: wace kotu? Lambar ƙara? Wace shekara? Ka je wurin rajistara ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Wanda ya kasa ba ka lambar ƙara, wallahi ka yi hattara da shi.

5/ Shekarar tana da muhimmanci. A ƙa'idojin zartar da hukunci na manyan kotuna da na majistare a Najeriya, in hukunci ya wuce shekara 6, ba a fitar da takardar kwashe kaya sai an koma an nemi izinin kotu. Bashin bai mutu ba, amma ba a yi maka dirar mikiya haka kawai.

6/ "Za mu turo maka 'yan sanda." Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya. Sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Ba a tafiya da ƙaninka saboda kai.

7/ In bashin marigayi babanku ne, daga abin da ya bari ake biya kafin a raba gado. Ba daga kuɗin makarantarki ba, 'yar'uwa, sai in ke kika ga dama.

8/ Wani abin takaici: dokar da ta hana kwashe tufafi, shimfiɗa da kayan sana'ar mai bashi ta tsayar da kariyar a kan naira 10. Naira goma! Keken ɗinki nawa ne yau? Majalisa ta ji kunya ta gyara wannan.

9/ In ka tabbatar bashin gaskiya ne, ka biya. Wanda ke binka shi ma mutum ne, wataƙila jarinsa ke nan ya maƙale. Addini bai ɗauki bashi da wasa ba, kamar yadda bai yarda a matsa wa wanda ba shi da hali ba.

10/ Ka nemi a yanka maka biya kaɗan-kaɗan, a rubuce, a sanar da kotu. Kowane biya da rasit. In ba kuɗin lauya, nemi ofishin Legal Aid Council na jiharku.

11/ Tura wa wanda ka san wayarsa na kashe saboda irin wannan kiran.