Kwalliya da Lafiya: Jar fatar gyaɗa, daga faifai zuwa kwalbar man shafawa

Duk mai yin ƙuli-ƙuli a Yelwa, Wara ko Shanga ta san aikin: a soya gyaɗa, a murza, a bakace a faifai, jar fatar ta bi iska ko a tara wa awaki. To, wannan fatar da muke zubarwa, kamfanonin man shafawa na tace ta suna sayar mana da tsada.

Ba yau aka gano amfaninta ba. A ƙarshen shekarun 1940 wani masani a Bodo ta Faransa, Jacques Masquelier, ya fitar da sinadarin furosiyanidin daga cikinta, irin wanda ke cikin ƙwayar inabi. Yana cikin sinadaran da ke rage lahanin rana da hayaƙi ga fata. Mai bandar kifi a bakin tafkin Kainji, da ke wuni tsakanin rana da hayaƙi, dole ta kasa kunne.

Sai dai wadda kamfani ya tace daban, wadda aka kwashe a tsakar gida daban. Gyaɗar da aka ajiye da danshi tana yin fumfuna mai ɗauke da gubar afalatoksin, mai jawo dajin hanta. In gyaɗa ta canja launi ko tana wari, a zubar da ita da fatarta.

Na biyu, jarirai. Binciken da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2003, ya danganta shafa mai mai haɗin man gyaɗa a kan ƙurajen jariri da kamuwarsa da borin gyaɗa. Don haka kada kayan gyaɗa su taɓa fatar jariri mai ƙuraje. Man kaɗanya ya wadatar.

Mai son sa ta a dilka ta zaɓi gyaɗa busasshiya, ta fara gwadawa a cikin hannu, ta jira kwana ɗaya. In ta ga ja ko ƙaiƙayi, ta haƙura. A kanti kuwa, in kin ga Arachis hypogaea a jikin kwalba, gyaɗa ce. Duba lambar NAFDAC, ki guji duk man da ya yi miki alkawarin fari cikin mako guda.

Ku a garinku me kuke yi da fatar gyaɗa? Ku faɗa mana a wurin sharhi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.