Mega Man: Tsohuwar Zuma a Kasuwar Gem

Da zarar an ba yara hutun makaranta, tambaya ɗaya ce ke yawan shigo mini, musamman daga iyaye mata waɗanda mazajensu ke kan hanyar fatauci tsakanin Kano da Kwatano ko Kumasi: wane irin gem ya kamata a bar yaro ya buga? Wasu so suke in ce a hana gaba ɗaya. Ni dai ba na cikin masu wannan ra'ayi, domin yaron da aka hana a gida, gidan maƙwabta zai je ya buga, inda babu idon kowa. Abin da ya fi shi ne uwa da uba su iya bambance gem mai mutunci da gem mai tatsar aljihu. Ma'aunin da nake aunawa da shi kuwa wani tsohon gem ne da ya haura shekara 35 a duniya, amma har yau ana sayensa ana bugawa. Sunansa Mega Man.

Kamfanin Capcom da ke birnin Osaka a ƙasar Japan ne ya fitar da shi a ƙarshen shekarar 1987, don na'urar wasa ta Nintendo da ake jonawa da talabijin, wadda a Japan ake kira Famicom, a Amurka kuma NES. A can gida Japan sunansa Rockman. Labarinsa gajere ne. Wani masanin kimiyya, Dakta Light, ya ƙera mutum-mutumi guda shida don su yi wa jama'a ayyuka masu wuya. Sai wani masanin, Dakta Wily, ya juyar musu da tunani suka koma ɓarna. Wani ƙaramin mutum-mutumi mai aikin gida ya ce a mayar da shi mayaƙi ya je ya tare su. Shi ne ɗan shuɗin nan mai hular kwano da bindiga a hannu, wanda yake gudu daga hagu zuwa dama, allon talabijin yana bin sa.

Maɓalli biyu kawai yake da su bayan na tafiya: ɗaya na tsalle, ɗaya na harbi. A gem na farko bai iya durƙusawa ba, bai iya harbi sama ba, kuma harsashinsa ba ya wuce uku a kan allo a lokaci guda. Yaro ɗan shekara bakwai zai gane wannan cikin minti biyu. Amma gane maɓalli daban, ƙwarewa daban.

Abin da ya raba shi da tsararrakinsa shi ne zaɓi. Yawancin gem na wancan zamani, mataki na ɗaya za ka fara, sai na biyu, sai na uku, ko kana so ko ba ka so. Shi kuwa Mega Man, kana kunnawa zai jera maka abokan gaba shida ya ce zaɓi wanda za ka fara da shi. Akwai Cut Man mai almakashi a ka, da Guts Man mai ɗaga duwatsu, da Ice Man mai ƙanƙara, da Bomb Man mai jifa da bam, da Fire Man mai wuta, da Elec Man mai lantarki. Duk wanda ka kayar, makaminsa ya zama naka. Kuma kowanne a cikinsu akwai makamin da ba ya iya jurewa. Dutsen Guts Man yana murƙushe Cut Man, almakashin Cut Man yana yanke Elec Man, lantarki yana gamawa da Ice Man, ƙanƙara tana kashe Fire Man, wuta tana cin Bomb Man, bam kuma yana tarwatsa Guts Man. Ka ga an zagayo ke nan. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Wanda ya shigo sabon gari da ƙaramin jari ba ya fara da kayan da suka fi ƙarfinsa. Yakan fara da abin da zai iya juyawa, ribar wannan ta buɗe masa ƙofar wancan. Haka yaro yake koya a wannan gem ba tare da an zaunar da shi an yi masa lacca ba: idan wannan ya gagare ka yau, ka bar shi, ka je ka samo abin da ke cin sa, ka dawo.

Gem na farko bai yi wata kasuwar a zo a gani ba. Ma'aikatan da suka yi shi, ƙarƙashin Akira Kitamura, tare da mai zane Keiji Inafune, sun nemi a bar su su yi na biyu, aka amince bisa sharaɗin su haɗa da sauran ayyukan kamfani. Mega Man 2 ya fito a Japan a watan Disamba na 1988, ya isa Amurka a 1989, aka sayar da kaset sama da miliyan 1.5. A cikinsa abokan gaba suka zama takwas, kuma daga zane-zanen da masoya gem ɗin suka aiko wa kamfanin a wata gasa aka samo siffofinsu. A nan ne aka kawo tankin ƙarin ƙarfi da za ka ɓoye sai ranar wuya, aka kuma kawo lambar sirri: wasu ɗigo-ɗigo a cikin gidaje 25, ka kwafa a takarda, gobe ka shigar ka ci gaba daga inda ka tsaya. Duk wanda ya taso a unguwar da ake ɗauke wuta ba sallama ya san darajar wannan 'yar takarda.

Ku dubi wani abin mamaki. Dukan Mega Man 2, da matakansa da kiɗansa da komai, kilobayit 256 ne. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yakan fi shi nauyi. Da yake wurin ya yi musu kaɗan, masu ƙera shi ba su da damar cika shi da tarkace. Kowane rami, kowane tsani, kowane maƙiyi, da dalili aka ajiye shi. Sau da yawa za a fara nuna maka sabon haɗari a wurin da ba zai kashe ka ba, sannan a gaba a haɗa maka shi da rami. Kiɗan ma haka, sauti kaɗan na'urar ke iya fitarwa, amma abin da Manami Matsumae ta tsara a na farko da wanda Takashi Tateishi ya tsara a na biyu, har yau makaɗa na sake buga su.

Ba zan ɓoye muku ba, gem ne mai wuya. Ƙaya ɗaya ka taka, rai ya tafi. Akwai tubalan da ke bayyana su ɓace a matakin Ice Man da na Heat Man, waɗanda suka sa manya da yawa jifa da abin dannawa. Akwai wani ƙaton dodo rawaya, Yellow Devil, mai rarrabuwa gunduwa-gunduwa ya ratsa allo, wanda ya tsayar da dubban yara a bakin ƙofar Dakta Wily. Amma ga inda mutuncinsa yake: tubalan nan da tsari suke fitowa, dodon nan ma da tsari yake rarrabuwa, yau da gobe duk ɗaya. Idan ka faɗi, ka san abin da ya kayar da kai. Ba sa'a ba ce, ba kuma rashin kuɗi ba ne. Ka lura, ka ƙirga, ka sake gwadawa.

To, a nan ne nake so iyaye su buɗe ido. Da yawa daga cikin gem ɗin da yaranmu ke saukewa a waya kyauta ake ba da su, amma kyautar ɗan koli ce. Yaro zai yi nisa, sai a toshe masa hanya, a ce ko ya jira sa'o'i, ko ya kalli talla, ko ya sayi wasu duwatsu ko zinare na ƙarya da kuɗin gaske. Wasu ma akwati za su sayar masa bai san abin da ke ciki ba sai ya biya, wanda bai da maraba da caca. Kuma irin waɗannan ba su da ƙarshe, don an gina su ne kada a ajiye. Uwa tana can tana lissafin cefane, data tana zurarewa, wani lokaci har kuɗin da maigida ya turo a waya a taɓa. Shi kuwa tsohon Mega Man, sau ɗaya ake biya. Ba ya neman intanet, ba ya talla, kuma yana ƙarewa. Ka kayar da Dakta Wily, ya durƙusa yana roƙon gafara, sunayen ma'aikata su wuce, shi ke nan, a kashe talabijin a je a yi wani abu.

Shaidar cewa wannan tsari bai tsufa ba, daga kamfanin kansa ta fito. Bayan an yi ta ƙara masa ado, da kare mai suna Rush a na uku a 1990, da sabon jerin Mega Man X daga 1993, sai a 2008 Capcom ya fitar da Mega Man 9 da gangan cikin tsohuwar kama irin ta 1988, har aka cire wa jarumin wasu dabarun da aka ƙara masa daga baya. Mutane suka karɓa hannu bibbiyu. A 2015 aka tattara shida na farko wuri guda da sunan Mega Man Legacy Collection, a 2018 kuma Mega Man 11 ya fito. Tsohuwar zuma dai da ita ake magani.

'Yan uwa masu sayar da kayan lantarki, kalma ɗaya gare ku. Kun san ƙananan na'urorin nan masu araha da ake kwaikwayon Famicom da su, waɗanda kwalinsu ke cewa akwai gem dubbai a ciki. Ni da ku mun san yawanci 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Idan uba ya zo saya wa ɗansa, ku gaya masa gaskiya, ku jona masa a talabijin ya gani kafin ya biya. Baƙo a garin mutane ba shi da jarin da ya wuce a ce maganarsa ɗaya ce.

Ga iyaye kuma, ba cewa nake lallai sai Mega Man ba. Tambayoyi uku nake so ku riƙe kafin ku bar kowane gem ya zauna a gidanku. Bayan an saya, zai sake neman kuɗi? Idan yaro ya faɗi, ƙoƙarinsa ne zai fitar da shi ko aljihunku? Kuma yana da inda yake ƙarewa? Sannan ku yanka masa lokaci, bayan karatu da aiken gida, ba kafin su ba. In maigida ya dawo daga tafiya, ya zauna ko na rabin sa'a ne, a riƙa karɓa-karɓa, wanda ya faɗi ya miƙa wa na kusa. Yaron da ya ga babansa ya faɗa rami sau biyar ya yi dariya ya sake ɗauka, ya koyi abin da ba a saya a kanti.

Sai mun haɗu a mako na gaba. A gaida yara.