Devdas: Shekara Ɗari Ana Yi Wa Rago Kuka

Jama'a, duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, daga zamanin gidajen sinima zuwa na kaset da faifan da ƴan kasuwarmu suka riƙa sarowa daga Kano, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Devdas ba. Wani marubuci ɗan yankin Bengal, Sarat Chandra Chattopadhyay, shi ya rubuta littafin, aka buga shi a 1917. An fara mayar da shi fim a 1928, tun hoto yana motsi babu murya. P. C. Barua ya sake yin sa a 1935. A 1955 Bimal Roy ya ba Dilip Kumar matsayin Devdas. Sai a 2002 Sanjay Leela Bhansali ya fito da wanda mutanenmu suka fi sani, na Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit, wanda a lokacin babu fim ɗin Indiya da ya kai shi cin kuɗi.

Labarin kansa gajere ne. Devdas ɗan masu gonaki da dukiya ne, Paro ƴar maƙwabtansu ce, tare suka taso. Da maganar aure ta zo, iyayensa suka ce gidan su yarinyar bai kai nasu ba. Paro ta yi ƙundunbala ta same shi cikin dare, ta sa mutuncinta a kan faifai, ta tambaye shi matsayinsa. Shi kuwa gogan naka sai ya tsere zuwa birni, ya aiko da wasiƙa cewa ta manta da shi. Kafin ya yi nadama an ba da ita ga wani attajiri mai shekaru, wanda matarsa ta rasu ta bar masa manyan ƴaƴa. Daga nan Devdas ya rungumi kwalba, ya tare wurin wata mai rawa, Chandramukhi, har giya ta cinye shi, ya je ya mutu a ƙofar gidan mijin Paro.

Me ya sa labari irin wannan ya ƙi tsufa? Wasu za su ce waƙoƙi ne da kayan ado. To amma fim ɗin 1955 baƙi da fari ne, babu ƙyale-ƙyalen na 2002, kuma ya sa mutane hawaye. A ganina sirrin shi ne kowa ya san wani Devdas a unguwarsu: saurayin da ya cika yarinya da alkawari, ranar da magana ta kai gaban manya sai bakinsa ya mutu.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu kallo ke ɗaukar sa gwarzon masoyi. Ina gwarzontakar? Paro ce ta yi asara, kuma ita ce ta riƙe gidan da aka kai ta, ta kula da ƴaƴan da ba ita ta haifa ba. Chandramukhi ta bar sana'arta saboda shi, ta yi jinyarsa. Shi da ya karya alkawari, har ya bugi Paro ya bar mata tabo a goshi, shi ake yi wa kuka.

Na san akwai mai cewa ai biyayya ya yi wa iyaye. Da biyayya ce, da ya haƙura ya kama sana'a, ya yi wa Paro fatan alheri. Da kuma so ne na gaskiya, da ya nemi dattawa su shiga tsakani cikin ladabi, kamar yadda ake yi a ko'ina. Bai yi ko ɗaya ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin irin wannan mutum: a gama ciniki, a yi sallama, ya janye, sannan ya dawo yana kuka bayan kaya sun bar rumfa.

Iyaye ma akwai nasu kason. A cikin littafin, ɗaya daga cikin laifin gidan su Paro shi ne suna karɓar kuɗi in za su aurar da ƴa, abin da manyan gidajen can ke gani ƙasƙanci ne. A nan kuwa aure ba ya ɗauruwa sai da sadaki. Ashe abin da ake kira asali, wanda ake raba yara saboda shi, yana iya zama abin kunya a wannan gari, ya zama wajibi a wancan. Uban da ke shirin korar saurayi don kakansa maƙeri ne ko mahauci, ya tsaya ya auna wannan.

Su kansu Indiyawa sun fara gajiya da kukan. A 2009 Anurag Kashyap ya yi Dev.D, inda ya nuna mutumin a matsayin sangartacce mai son kansa, kuma bai bar shi ya mutu a ƙofar kowa ba, ya sa shi ya farga ya sake rayuwa.

Ban ce a daina kallon Devdas ba. A kalla, har a kalla da yara matasa. Amma in an gama, a tambaye su wa ya cika alkawari a cikin mutanen nan uku, wa kuma ya gudu.