"Ba mu da kamarsa" ba yabo ba ne

Duk lokacin da maganar sauya shugabanci ta taso a ƙungiyar kare haƙƙin talaka, ba a rasa wanda zai miƙe ya gyara hula ya ce: "Jama'a, ai ba mu da kamarsa. Shi ya kafa ta, shi hukuma ke shakka, shi masu ba da tallafi suka sani. A bar shi ya ci gaba." Sai a yi tafi, a ɗage zaɓe zuwa baɗi. Mutane na kallon wannan a matsayin halacci. Ni a wurina tuhuma ce. Wanda ya shekara ashirin yana jan ƙungiya amma har yau ba a samu kamarsa a cikinta ba, me ya yi da shekarun nan?

Masu wannan ra'ayi suna yawan kafa hujja da Martin Luther King, wai da babu shi da baƙaƙen fatar Amurka ba su kai labari ba. To, mu duba yadda abin ya faru. A Disambar 1955, da aka kama Rosa Parks a Montgomery saboda ta ƙi tashi wa farar fata a motar haya, wata malamar kwaleji mai suna Jo Ann Robinson ce ta kwana a gaban injin gurza takardu, ta fitar da dubban takardun kiran ƙaurace wa motocin, ƙungiyarsu ta mata ta raba su gida-gida. King yana ɗan shekara 26 a lokacin, baƙo ne a garin, daga baya aka ɗora shi a gaba. Kwana 381 da aka yi ana ƙauracewar, masu aikatau da masu wanki ne suka yi su da ƙafafunsu.

Wata mata mai suna Ella Baker ta ga haɗarin tun da wuri. Ita ta riƙe ofishin SCLC a Atlanta, ƙungiyar da aka kafa a 1957 da King a kan gaba, ta kuma ga yadda komai ke jiran bakin mutum ɗaya. Ta faɗa, limaman cocin da ke jagoranci ba su so ji ba, balle daga bakin mace. A 1960 ta tara ɗalibai a Jami'ar Shaw, ta ba su shawara su kafa tasu ƙungiyar, kada su zama reshen ta kowa. Daga nan ƙungiyar ɗalibai ta SNCC ta fito.

An harbe King a Memphis ranar 4 ga Afrilun 1968. Ralph Abernathy, amininsa, ya gaje shi, mutumin kirki wanda ya sha ɗauri tare da shi. Amma zaman dirshan na talakawa da suka shirya a Washington a wannan shekarar ya ƙare cikin ruwan sama da taɓo, 'yan sanda suka tashi sansanin a watan Yuni, SCLC kuwa ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba. Abernathy ya tarar da kujera, bai tarar da tsarin da zai riƙe ta ba.

Na san abin da za a ce: ai SNCC ɗin ma ta watse kafin tsakiyar shekarun 1970. Gaskiya ne. Sai dai ta bar mutane. John Lewis ya shafe sama da shekara 30 a majalisar wakilan Amurka. Bob Moses ya koma koya wa 'ya'yan talakawa lissafi. Aikin bai tsaya da rufe ofis ba.

Wanda ke son ganin ƙungiyar da ta daɗe, ya dubi MST ta manoma marasa gona a Brazil, wadda aka kafa a 1984. Ba ta da kujerar shugaba na ƙasa baki ɗaya. Iyalai ke haɗuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da mace da namiji su wakilce shi. A 2005 suka buɗe makarantarsu ta horas da jagorori kusa da São Paulo, wadda mambobi suka gina da hannunsu. An kashe musu mutane, gwamnatoci sun zo sun wuce, ga su nan sun haura shekara 40.

Mu ma ba baƙin wannan darasi ba ne. Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Afrilun 1983 ana dab da zaɓe, jam'iyyarsa ta PRP ta riga ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Jam'iyyar da ta ci Kano da Kaduna a 1979, Kano kaɗai ta tsira da ita. Yau kowane ɗan siyasa na cewa shi ne magajin Malam, don babu wata hukumar jam'iyya mai ƙarfin da za ta ƙaryata shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan ƙungiyoyinmu na unguwa, na zawarawa da marayu da masu bin kadin waɗanda aka zalunta. Leƙa ka gani. Takardar rajista tana cikin durowar ɗakin shugaba. Lambobin masu taimako suna cikin wayarsa. Banki sa hannunsa ya sani. Sakatare sai dai rubuta sunayen mahalarta, mataimaki kuwa sai buɗe taro da addu'a. Yaron da ya nuna ƙwazo, a ce yana da rawar kai, ya gaji ya tafi ya buɗe tasa. Ranar da ta Allah ta kasance, 'ya'yan mamacin ma sukan zaci motar ƙungiya cikin gado take.

Don haka ina kira ga iyayen ƙungiyoyi: ku rubuta wa'adi a tsarin mulkinku, ku fara aiki da shi a kanku. Ku sa hannu biyu ko uku a asusu. Ku riƙa tura mataimakanku gaban hukuma su kaɗai, su yi kuskure kuna raye ku gyara musu. Ku kuma mambobi, idan an sake cewa a ɗage zaɓe, ku ce ba ku yarda ba.