FILIN MATA: Inda Ake Zuwa Kallon Dabbar Da Ta Fi Giwa

Wannan mako za mu ajiye zancen girki da ɗinki tukuna, mu tafi bakin teku. Ga abin da ya jawo.

Ran nan ina koya wa 'yan aji shida labarin ƙasa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, akwai dabbar da ta fi giwa girma?" Na ce akwai, tana cikin teku, har mutane na biyan kuɗi su tafi kallonta. Kashegari yarinyar ta dawo a sanyaye, ta ce ta ba uwarta labari, uwar ta ce a gaya wa Malama ta daina yi wa yara tatsuniya da rana. Abin ya ba ni dariya, ya kuma dame ni. Idan yarinya ta kawo ilmi gida aka ƙaryata ta, gobe ba za ta sāke kawowa ba. Don haka na ce bari in kawo labarin nan filinmu, iyaye su ji da kunnensu.

Dabbar nan Turawa suna kiranta wel, Larabawa kuwa hut. Sifarta sifar kifi, amma ba kifi ba ce. Ba ta ƙwai, haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. Iska take shaƙa kamar mu, shi ya sa dole ta riƙa tasowa bisa ruwa. Hancinta yana tsakar kanta, in ta fesar da numfashi sai a hangi wani abu kamar hayaƙi ya tashi sama. Wadda ta taɓa jin labarin ayu na kogin Kwara da Binuwai ta san akwai irin waɗannan dabbobi masu zaman ruwa suna shayarwa.

Wel iri-iri ne. Babbansu shi ne shuɗin wel. Tsawonsa yakan kai mita 30, nauyinsa tan 150, watau kamar a tara giwaye 25 a kan ma'auni ɗaya. Ba a san wata dabba da ta taɓa kai shi girma ba. Jaririnsa ran haihuwa ya kai mita 7. A rana ɗaya yakan sha nonon da ya kusan cika durom, nonon kuma mai kauri ne, fiye da sulusinsa mai ne zalla, saboda haka kullum yana ƙara kamar kilo 90. Abin mamaki, duk girman nan ba shi da haƙori. A bakinsa akwai wani abu kamar rariya, ya kwaɓi ruwa ya tace, ya haɗiye 'yan ƙananan jatan lande da suka maƙale.

To, yaya masu kallo suke sanin inda za su same su a cikin wannan makeken ruwa? Amsar tana cikin al'adar da mu mata muka fi kowa sani. Abincin yawancinsu yana cikin teku mai tsananin sanyi, can ƙarshen duniya ta arewa da ta kudu. Can suke kiwo su tara kitse. Idan hunturu ya shigo, masu ciki sai su kama hanya zuwa ruwa mai ɗumi, mai kwanciyar hankali, su haihu, kamar yadda mace take tafiya gida wanka. Bambancin kawai, mai jegon teku ba mai dama mata kunun kanwa. Watanni take yi kusan ba ta cin kome, kitsen jikinta take narkarwa tana shayarwa, har ɗan ya yi ƙwarin da zai iya bin ta su koma. Da yake kowace shekara wuri ɗaya suke zuwa a lokaci ɗaya, sai ya zama an san watan da za a je, da bakin ruwan da za a tsaya.

Wannan sanin da farko masifa ya jawo musu. Mafarauta suka riƙa tare su suna kashewa domin kitsensu, ana narka shi a yi man fitila da sabulu da man girki. A cikin ƙarni na 20 kaɗai an kashe kusan miliyan 3, har wasu iri suka kusan ƙarewa. A 1946 aka kafa hukumar ƙasashen duniya mai kula da farautar wel, ita ce ta tsai da farautarsu don ciniki daga 1986, ko da yake Jafan da Norwe suna yi har yanzu. Kallo kuwa ya fara zama sana'a a 1955, sa'ad da wani masunci a San Diyego ta Amurka ya fara ɗaukar mutane cikin jirginsa a kan dala ɗaya ɗaya. A 2008 an ƙirga mutum miliyan 13 da suka je kallo a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe fiye da dala biliyan 2. Ga wuraren da suka fi suna.

Na fari shi ne Baha Kalifoniya a ƙasar Meksiko. Can akwai wasu lunguna na teku marasa zurfi, kamar San Ignasiyo, inda wel mai ruwan toka yake zuwa haihuwa daga Janairu zuwa Maris. Daga wajen Alaska suke tahowa, tafiyar zuwa da komowa ta kai kilomita 16,000, watau kamar mutum ya je Ikko daga Kano ya dawo sau takwas. A da mafarauta suna kiransu shaiɗanun kifi, don in aka soki ɗa, uwar sai ta far wa kwalekwale ta farfasa shi. Wace uwa ce ba za ta yi haka ba? A 1972 wani masunci mai suna Francisco Mayoral yana cikin kwalekwalensa, sai guda ta matso ta tsaya kusa da shi. Da tsoro ya sake shi ya miƙa hannu ya taɓa ta, ba ta yi masa kome ba. Yau a wurin iyayen da kansu suke matsowa da 'ya'yansu jikin kwalekwale. A 1993 aka sa wurin cikin kayan gādon duniya, a 2000 kuma gwamnatin Meksiko ta soke shirin gina babbar masana'antar gishiri a San Ignasiyo bayan mutane sun yi ta kuka.

Na biyu a nahiyarmu yake, garin Harmanus a Afirka ta Kudu, kamar kilomita 120 daga Kef Tawun. Can hunturunsu yana zuwa ne sa'ad da muke damina, saboda haka lokacin kallo daga Yuni ne zuwa Nuwamba. Irin wel ɗin da ke zuwa nan baƙi ne, mai fararen ƙulle-ƙulle a ka, ba shi da sauri, yana son gaɓa, in ya mutu kuma ba ya nutsewa. Halayen nan su suka sa mafarauta suka kusan gamawa da shi. Wannan wuri ya dace da mai tsoron ruwa, domin ba sai an shiga jirgi ba. Akwai hanyar ƙafa a kan duwatsun gaɓa, mutum ya tsaya ya ga uwa da ɗa a ƙarƙashinsa. Tun 1992 garin yana da mai shela na musamman, yana yawo da ƙaho na busasshiyar ciyawar teku, in an hango su ya busa, kowa ya san inda zai nufa.

Na uku shi ne Kaikora a Niw Zilan, labarinsa kuwa shi ya fi shiga raina. Dab da gaɓar garin akwai wani kwari mai zurfi ƙwarai a ƙarƙashin teku, saboda haka wel mai ƙaton kai, wanda shi yana da haƙora, yana nan rani da damina. Yakan nutsa fiye da mita 1,000 neman abinci, ya yi kusan awa ɗaya bai taso ba. In ya huta zai koma, sai ya ɗaga wutsiya sama, wannan ne abin da masu hoto suke jira. A cikin hanjin wannan iri ne ake samun ambar, wanda masu haɗa turare suka daɗe suna nema. A 1987 aikin yi ya yi wuya a garin, musamman ga 'yan asalin ƙasar, Mawori. Sai waɗansu iyalai daga cikinsu suka jinginar da gidajensu, suka sayi jirgi, suka fara kai baƙi kallo. Ku duba kasadar, mace ta yarda a ba da gidan da take kwana da 'ya'yanta jingina. Allah ya sa suka dace, sana'ar ta tashi garin, har yanzu kuma kamfanin a hannun Mawori yake.

Akwai kuma tsibiran Azoras na ƙasar Fotugal, a tsakiyar Tekun Atlantika. Mutanen wurin mafarautan wel ne tun kaka da kakanni, sai a 1987 suka kashe na ƙarshe. A da suna da 'yan ɗakuna a kan tuddai inda mai tsaro yake zama da madubin hangen nesa, in ya ga hayaƙin numfashi ya sanar da masu māsu. Ɗakunan suna nan, masu tsaro suna nan, sai dai yanzu jiragen masu kallo suke kira. Mai son ganin shuɗin wel kuwa, sai ya nufi Mirisa a kudancin Siri Lanka tsakanin Disamba da Afrilu. Mai jure sanyi ya tafi Husabik a arewacin Aisilan wajen Yuni da Yuli, lokacin da dare ba ya yin duhu a can.

Kada ku ce abin duk na nesa ne. Wel mai doro, wanda ya shahara da tsalle daga ruwa, namijinsa kuma yake rera wata doguwar murya kamar waƙa, yakan zo tekun da ke kudu da mu. Daga Yuli zuwa Satumba ana kallonsu a gaɓar Gabon, ana kuma ganinsu wajen Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Ashe maƙwabtanmu ne ba mu sani ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kallon ma yana da nasa ɓarna. Wel da ji yake rayuwa, da murya uwa take kiran ɗanta, ƙarar injin jirgi kuwa tana toshe musu kunne. Idan jirage goma suka kewaye mai jego, sai ta fasa hutu, ta fasa shayarwa, ta yi ta gudu da ɗan, alhali kuwa ba ta ci ba balle ta mai da ƙarfin da ta ɓatar. Mu da muka san yadda 'yan barka suke hana mai jego barci ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shi ya sa ƙasashe suka yi dokoki. A Hawai da Alaska, misali, an hana kusantar wel mai doro ƙasa da yadi 100. Saboda haka wadda Allah ya nufa da zuwa, ko ɗanta ko ƙanenta mai karatu a waje, ga shawara. A tambaya ko mai jirgin yana da lasisi. A guji mai alkawarin zai bi su a guje har a taɓa. Kada a yarda jirgi ya shiga tsakanin uwa da ɗa. A tafi da rigar sanyi ko da ana rana, a sha maganin jiri kafin a shiga, kada a cika ciki. A kuma tafi da haƙuri, don dabba ce, ba ta yi alkawari da kowa ba.

Mu da muke gida fa, ina ruwanmu? Da ruwanmu. Na ambaci ayu ɗazu. Ita ma ɗa ɗaya take haifa, bayan cikin kusan shekara, sa'an nan ta daɗe tana reno kafin ta sāke. Dabba mai irin wannan haihuwa in aka matsa mata da kisa ba ta iya mayar da gurbi. Doka ta hana farautarta a Nijeriya, tun 2013 kuma an hana cinikinta tsakanin ƙasashe, amma ana kashe ta a ɓoye saboda nama da mai. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu, man ayu da ake tallarsa wajen masu kayan mata, su wa suke saye? Mu ne. In babu mai saye, mai farauta zai ajiye māshinsa. Mutanen Azoras da suka gāji kisan wel sun bari, ga shi kuma jikokinsu suna cin abinci da dabbar tana raye, shekara bayan shekara, wanda da an kashe ta sau ɗaya za a ci.

Abu na ƙarshe, roƙo ne ga iyaye. In yarinya ta dawo daga makaranta da labarin da ba ki taɓa ji ba, kada ki ce ƙarya ne. Ki ce ta nuna miki a littafi, ko ta zana miki taswira a ƙasa, ta nuna miki ina Meksiko, ina Gabon. Ita ta ƙaru da maimaitawa, ke kin ƙaru da ji. Uwar ɗalibata kuwa, in wannan jarida ta iso hannunki, ina gaisuwa, 'yarki gaskiya ta faɗa.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.